Idon Awwalu Mai Nura

Duk wanda ya zauna a unguwarmu, can wajen da yanzu ake kira Mansur, a shekarun da aka fara rushe gidaje ana faɗaɗa Harami, ya san wani dogon makaho mai zama a bakin rumfar kwano yana tufkar igiya. Baba Awwalu ake ce masa, wasu su ce Awwalu Mai Nura. Da yawa sun ɗauka da makantarsa ya zo Makka. Ba haka ba ne. Ni na san shi da idanu biyu garau, masu hango raƙumi tun yana ɗan ɗigo a hanyar Madina. Na hagu nura ce, wato farar ƙasar gini, ta cinye shi. Na dama kuwa, in dai gaskiya za a faɗa, ni Mahmudu ne sanadinsa, kuma ban taɓa ɗaga masa hannu ba.

Bagobiri ne, da zanensa a fuska. Ya baro gida a ƙafa tare da mahaifinsa yana saurayi, uban ya rasu a ƙasar Wadai, shi ya ci gaba. Ya yi cirar auduga a Jazira ta Sudan, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, shekara tara yana tara guzuri yana cinyewa, kafin ya samu ya ƙetaro teku a shekarar 1355 ta Hijira. Ya iso ba shi da komai sai ƙwarya da bargo. Malam Ja'afaru, limamin ɗan masallacin unguwarmu, shi ya sauke shi a zaurensa, ya ciyar da shi wata shida, ya nema masa aiki, daga baya ma ya tsaya masa a matsayin uba aka ba shi Rakiya, 'yar wasu mutanen Abeshe. Tun daga nan Awwalu bai taɓa yi wa Malam musu ba. Mutumin da bakinsa ba ya mutuwa a gaban kowa, da ya hango rawanin Malam sai ka ga ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

Aikin da aka nema masa a Nawwariyya ne, bayan gari, inda ake toya nura, farar ƙasar da ake ginin Makka da ita kafin siminti ya yawaita. A fasa dutse, a jera shi a tanderu, a hura masa wuta kwana uku, in ya huce a kwaso a zuba a rami a kwarara masa ruwa. Nan ne mugun wurin. Dutsen da ka ɗauko da hannunka yanzun nan, da ya sha ruwa sai ya hau tafasa yana huci yana tofi. Tafin hannu ya tsattsage, ƙirji ya kama tari, gashin ido ya ƙone. Mu wajen arba'in ne a ƙarƙashin wani mai tanderu da muke kira Mu'allim kawai, kusan dukkanmu Takari, kamar yadda mutanen gari suke ce mana. A can muke kwana, sai ran Alhamis mu shigo gari.

Ni a Makka aka haife ni, iyayena Kanawa ne. A bakin rami nake aiki kamar kowa, amma da yake na iya Larabcin gari, ni ne tafinta tsakanin Mu'allim da leburori. Wannan 'yar dama ta sa nake ji da kaina ba kaɗan ba. Awwalu ya girme ni da shekara goma sha biyar, Yaya nake ce masa. Shi ya koya mini in ba iska baya in za a zuba ruwa, shi kuma ya ɗauke mini aiki mako biyu lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni.

Yana da wani labari guda da ya ishe mu da shi. Wai a Bur Sudan akwati ya taɓa faɗo wa wani ɗan dako a ƙafa, sai masu aikin suka kai shi asibiti, suka biya magani, kuma ladansa bai tsaya ba har ya warke. Ya ba mu labarin nan ya fi sau ɗari, har in ya fara mu muke ƙarasa masa. Muka sa masa Alƙalin Nura. Ko a jikinsa.

"Ku yi ta dariya," yakan ce. "Jakin Mu'allim in ya yi ɗingishi, hutu a ka ba shi, a kira mai magani. Ku in kun yi ɗingishi mi a ka ba ku? Hanya."

Ba a baki ya tsaya ba. Ya samo gwangwanin man shanu ya huda murfinsa, ya ce duk Alhamis kowa ya jefa abin da ya samu, wanda ciwo ya kwantar a sayo masa magani a kai wa iyalinsa cefane. Rabinmu suka ce wannan ai zato ne mara kyau ga Allah, mutum da lafiyarsa yana tanadin cuta. Ɗaya bayan ɗaya ciwo ya riƙa kwantar da su, ɗaya bayan ɗaya suka daina wa'azin. Ya kuma matsa wa Mu'allim ta bakina a ajiye randar ruwa mai tsabta a bakin rami don wanke ido, a ba kowa ƙyallen rufe hanci. Shekara biyu aka yi ana jan zancen kafin randa ta zo. Hutun tsakar rana a lokacin zafi kuwa, Mu'allim ya ce wanda ke son hutu ya koma garinsu.

Bayan babban yaƙin duniya, wani direban lori da ke zuwa gabas, wajen masu haƙar mai, ya zo mana da labari cewa hukuma ta fitar da nizami, wato doka, a kan ma'aikata. Wai wanda ya ji rauni a bakin aiki, maganinsa yana wuyan mai aikin. Ranar Awwalu bai ci abinci ba don murna. Ya sa ni na rubuta takardar koke da Larabci cewa mu ma a duba mu. Mutum ashirin da uku suka dangwala yatsa, sauran suka ɓuya a bayan tanderu, don ba su da takardar zama, kuma a wurinsu duk abin da aka rubuta suna a ciki hanyar jirgin komawa gida ce. Ya ɗauki takardar da kansa ya kai Jidda. Aka karɓa, aka ce za a duba.

Amma abin da ya fi ci masa rai ba Mu'allim ba ne, halinmu ne. Mutuminmu ko yana kan gargara ka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce maka. Wanda ya ji masa ciwo kuwa, in ya tako ya zo dubiya, kafin ya gama zama an ce masa ba komai, an yafe. Balle a Makka, inda kowa ke kunyar a ce ya ja rigima yana maƙwabtaka da Ɗakin Allah.

"Kowa yaj ji ciwo wurin aiki shi riƙe bakinai," haka yake ta nanata mana. "Likita shi fara dubawa, a rubuta, kana a yi zancen yafiya. Yafiya ba ta gudu."

Abin ya faru a shekarar 1369, cikin tsananin zafi, gab da azahar. An yi wa Mu'allim odar nura mai yawa ta gaggawa, ya sa aka riƙa jiƙa ninkin abin da aka saba a rami ɗaya. Ruwa ya ƙare, ya ce a juye na randar ma. Awwalu ya sunkuya zai juya da shebur, sai wani ƙaton dutse da bai gama shan ruwa ba ya fashe, ya watso masa a fuska. Har yau ina jin ƙarar da ya yi. Muka ruga wajen randa, wayam. Kafin a kawo salkar ruwa daga inda muke kwana, an ɗauki lokacin da za a yi sallar raka'a huɗu.

Aka fasa gwangwanin, na raka shi Jidda a bayan lori wurin wani likitan ido. Likita ya ce na hagu ya tafi, a manta da shi. Na dama yana da sauran rai, amma sai an kwantar da shi kwana arba'in ana wankewa ana sa magani safe da yamma, kuma kada a wuce mako biyu ba a fara ba. Abin da ke cikin gwangwani bai wuce kuɗin mota da ganin likitan ba. Muka biya ta ofishin da ya kai kokenmu, wani jami'i ya saurare mu da kyau, ya ce zai zo Makka ran Litinin ta sama ya ji ta bakin kowa, in magana ta tabbata mai tanderu zai ɗauki nauyin jinyar. A hanyar dawowa Awwalu, fuska a naɗe, har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa.

Da safiyar Asabar Mu'allim ya kira ni rumfarsa. Shekara goma sha ɗaya ina masa aiki, ranar ya fara zuba mini shayi da hannunsa.

"Ya Mahmud," ya ce, "ni ba azzalumi ba ne, ka sani. Amma in na biya wannan, gobe duk mai tari zai zo da takarda. Wallahi rufe tanderun zan yi, shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Ku a al'adarku babu wata hanya da ake kashe irin wannan magana?"

Bai yi mini barazana ba, kada in ɗora masa abin da bai yi ba. Ya dai ce yana neman ra'is, shugaban leburori, wanda zai bar bakin rami ya koma inuwa. Ni kuwa ƙirjina ya fara tari, matata tana da tsohon ciki. Na gaya wa kaina mutum arba'in nake ceto daga rasa abinci. Ƙarya nake. Inuwar nake so. Shayin bai huce ba na buɗe baki na ce masa, mutuminmu ba ya iya hana yafiya ga baƙon da ya tako har ɗakinsa, musamman in a gaban babba ne. Na kuma gaya masa sunan babban da Awwalu ba ya iya ɗaga ido a gabansa. Mu'allim bai san wannan hanya ba, ni na nuna masa ita.

Malam Ja'afaru bai san komai ba, Allah ya ji ƙansa. Na ce masa mai tanderu yana son zuwa dubiya, yana jin nauyin zuwa shi kaɗai. Tsoho ya yi murna, ya ce wannan Balarabe ɗan halas ne. Ran Lahadi bayan la'asar muka tafi, ni da Malam da Mu'allim da wasu 'yan kasuwa biyu abokansa. Waɗannan biyun ba dubiya ta kawo su ba, shaida suka zo yi.

Awwalu yana kwance a tabarma, an ɗaure masa fuska da farin ƙyalle. Na yi sallama na ce, "Yaya, ga Malam, ga kuma Mu'allim sun zo gaishe ka." Sunaye biyu na faɗa, na yi shiru a kan sauran. Ya yunƙura zai durƙusa, Malam ya dafa shi. Aka shigo da buhun shinkafa da turmin yadi aka ajiye. Mu'allim ya zauna a ƙasa, abin da ban taɓa gani ba, ya sumbaci kan Awwalu, ya ce, "Samihni ya ammi," wato ka yafe mini. Muryarsa har rawa take, kuma ina jin rabin rawar gaskiya ce.

Malam ya gyara murya ya yi nasiha a kan haƙuri da ƙaddara, da ladan wanda ya yafe a wannan gari mai alfarma. Ya ce, "Awwalu ɗana, mutum ya tako har ɗakinka. Me ka ce?"

Daga bayan labule Rakiya ta saki murfin tukunya a ƙasa da ƙarfi. Kowa ya ji, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Awwalu ya juyo da fuskarsa daidai inda nake tsaye. "Mahmudu, kana nan?"

"Ina nan, Yaya."

Ya jira. Na san abin da yake jira. Kalma ɗaya ta ishe shi, in ce Malam a bari sai likita ya gama, ko in ce Yaya akwai wasu baƙi a ɗakin. Na tsaya ina kallon buhun shinkafa.

"Ba komi, Malam," ya ce a hankali. "Ƙaddara ce. Na yafe duniya da lahira."

Na juya maganar zuwa Larabci, ban rage ko harafi ba. 'Yan kasuwar nan suka dubi juna suka gyaɗa kai. Aka shafa fatiha.

Washegari jami'in ya zo kamar yadda ya yi alkawari. Shaidu biyu suka ce a gabansu mai rauni ya sauke haƙƙinsa da bakinsa, ba tilas, ya kuma karɓi kyauta. Jami'in ya tambayi Malam, Malam ya ce haka aka yi. Ya je har ɗakin Awwalu ya tambaye shi ko ya faɗi haka. Awwalu ba ya ƙarya, kuma ba zai ƙaryata Malam ba. Ya ce ya faɗa. Jami'in ya daɗe yana dubansa, sannan ya rufe littafinsa ya ce shi ba abin da zai iya yi. Ni na fassara wannan ma.

Rakiya ta sayar da 'yan kunnenta da tukwanenta na aure, ta bi gidajen dangi, leburori suka sake cika gwangwani. Kafin abin ya haɗu wata biyu sun wuce. Likita ya buɗe idon ya duba, ya ce wani farin abu ya riga ya rufe shi, sun makara. Ranar da suka dawo daga Jidda ina zaune a inuwa da sandar ra'is a hannuna.

Makanta ba ta rufe masa baki ba. Ya koyi tufkar igiya yana sayar wa masu jakuna da 'yan ga-ruwa. Amma da ya ji an ce wani leburan nura ko na gini ya ji rauni, sai ya sa Rakiya ta kama masa sanda ta kai shi gidan. Ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa ya zauna ya tare hanya. Duk wanda ya zo sai ya faɗi sunansa da abin da ya kawo shi. In mai aikin ne, ko da wa ya zo, Awwalu zai ce, "Marhaba, mara lafiya na barci. Ku komo in likita ya ba da takarda." Aka zage shi, aka ce ya ɓata zumunci, aka ce yana koya wa mutane rashin kunya. Ya toshe kunnensa. Na san mutum huɗu da suka samu jinya saboda zaman nan nasa, ɗaya ma yana nan da ƙafarsa har yau. Daga baya abin ya zama al'ada a tsakaninmu, ko ba ya nan sai a samu wani ya zauna a ƙofa.

Ni kuwa shekara takwas ina zagaye layinsu. In na hango shi sai in sauya hanya, kamar mai ido ne zai gan ni. Nakan aika da cefane ta hannun wasu ban faɗi suna ba, Rakiya ta gane ta dawo da shi har gida. Siminti ya zo ya kashe kasuwar nura, tanderun da na ce ina ceto ya rufe da kansa, sandar ra'is ta zama ta korar awaki. Malam Ja'afaru ya rasu bai taɓa sanin abin da na yi da shi ba.

A shekarar 1377 na ji an ce ƙirji ya kwantar da Awwalu, jikin ya yi tsanani. Na tari Rakiya a bakin famfo na ce ina son zuwa neman gafara, zan zo da sabon liman. Ta ajiye garwarta ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam Mahmudu, ba ka gaji da zuwa da manya ba? In za ka zo, ka zo da ƙafarka kai kaɗai."

Na je ran Talata da hantsi. Ya rame har ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito, amma yana zaune ya jingina da bango. Na yi sallama, ya gane muryar nan take.

"Kai ɗai ne?"

"Ni kaɗai ne, Yaya."

Na durƙusa na faɗa masa komai, shayin, da inuwar, da sunan Malam da na bayar. Ina magana ina kuka kamar ba magidanci ba. Bai katse ni ba.

"Na sani tun rannan," ya ce. "Takalman mutum huɗu nij ji an tuɓe bayan naka, sunan mutum biyu kaf faɗi. Na so in ƙi, bakina yar riga ni. Ni da ni ka hana mutane." Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa na ce ya yafe mini don Allah.

Ya juyo da fuskarsa wajena ya ce:

"Waccan yafiya ta kunya ce, Mahmudu, ba ka buƙatar irinta. In na ce maka na yafe yanzu, ban san ko gaskiya ni ka faɗi ba. Ka ba ni kwana uku in dubi zuciyata. Ka komo ran Juma'a bayan la'asar, abin da nis samu ciki shi za ni ba ka."

Juma'a ta zo. Na yi wanka, na sa farar riga, na sauko daga Harami na kamo hanyar gidansa. Da na kai kan kwanar layinsu na hango rumfar kwanon, sai na tsaya cik. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba. Na ce in ya ce bai yafe ba, ina zan sa kaina? Na ce bari in ƙara masa kwana biyu zuciyarsa ta daɗa sanyi. Na juya na koma gida.

Ran Lahadi da safe aka aiko ya cika. Na bi gawarsa har maƙabarta, na zuba ƙasa da hannuna. Bayan kwana uku na je gaisuwa, na tsaya daga bakin ƙofa. Rakiya ta ce ran Juma'ar ya sa ta fito da shi waje, ta shimfiɗa tabarma biyu, ta dafa shayi. Ya zauna tun la'asar, duk takun da ya ji sai ya ɗaga kai, har aka kira magariba ta mai da shi ɗaki.

Na ce, "Ya gaya miki abin da zai faɗa mini?"

Ta ce ta tambaye shi. Ya ce maganar ba tata ba ce, ta Mahmudu ce, sai ya zo.